Tonar LR-130 a kan kogin Taz: yana huda ƙanƙara da sauri, amma bai kori dagi ba

Mutanen Selkup na bakin kogin Taz, a gundumar Krasnoselkup ta arewacin Siberiya, da 'yan'uwansu na Narym a yankin Tomsk, ba sa daina kamun kifi don ruwa ya daskare. A ƙarƙashin ƙanƙarar suke shimfiɗa raga. Kakanninsu da dagin ƙanƙara suke fasa ta, wanda Rashawa ke kira peshnya, ƙarfe mai kaifi a bakin doguwar ƙota. Yanzu akwai mahudin hannu na kamfanin Tonar da ke Barnaul, ƙirar LR-130, kuma shi muka ɗora a kan wannan aiki.

Siffarsa ba ta da wuya: sandar ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki, hannu mai naɗewa, da wuƙaƙe biyu a ƙasa da ake ɗaurewa da kusoshi. Faɗin raminsa milimita 130, zurfin da yake kaiwa kimanin mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo biyu da rabi. Hagu ake juya shi, don haka wuƙaƙen mahudin da ke juyawa dama ba za su yi masa aiki ba. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

Ga yadda ake shimfiɗa ragar. Ana fara buɗe babban rami, sannan a jera ƙananan ramuka a miƙe, tazararsu ta ɗan gaza tsawon sandar da za a tura. Ana ɗaura igiya a gindin sandar, a cusa ta ƙarƙashin ƙanƙara, a riƙa kama ta da itace mai baki biyu ana tura ta daga rami zuwa rami har ta fito a ƙarshe, sai a ja ragar da igiyar. Raga mai mita 30 da sanda mai mita 6 na buƙatar ƙananan ramuka biyar ko shida. A nan mahudin ya ciri tuta. Ramin da dagi zai jiƙa mutum da gumi a kansa, shi yana gamawa kafin hannu ya gaji, kuma gumi a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili hatsari ne, domin tufafi na daskarewa a jiki.

Sai dai milimita 130 ya yi ƙunci wajen juya sandar. Idan ta kauce, ba a ganinta, ba a kamo ta. Maganin shi ne a huda ramuka biyu ko uku a manne, a fasa tsakaninsu da dagi. Babban ramin da raga ke fitowa da kifi kuwa, kusurwoyinsa kawai mahudin zai huda, sauran aikin na dagi ne. Haka kuma duk ranar da aka zo duba raga, sabuwar ƙanƙarar da ta rufe ramin da dagi ake cire ta a hankali, don wuƙar mahudi na iya yanke igiyar.

Abin da ya fi lalata mahudin yashi ne. Ƙanƙarar bakin gaɓa da ta wurin da ruwa bai da zurfi tana ɗauke da yashi, rami ɗaya ya isa ya dakushe wuƙa, sai ka ji yana zamewa yana ƙi cizo. Na biyu, buga shi a ƙasa don kakkaɓe ƙanƙarar da ta manne. Wannan yana karkatar da mazaunin wuƙaƙen, kuma da zarar kusurwar ta goce, ko sabuwar wuƙa ba za ta ci ba. Idan an gama huda, a juya shi a iska ruwan ya zube, a mayar da murfin wuƙa nan take.

Zuwa watan Maris ƙanƙarar Taz kan wuce mita ɗaya, hannun mahudin ya taɓa saman ƙanƙara ba a kai ga ruwa ba. Dole a sayi ƙarin sandar da ake haɗa masa. A tafi da wuƙaƙe na ajiya, da kusoshi biyu, da abin kwance su a aljihun ciki, inda ɗumin jiki zai hana ƙarfen manne wa yatsa.