Sharhi kan tayil ɗin aljabara: inda yake aiki wajen fitar da faktocin kwadiratik da inda yake cijewa

Saitin tayil ɗin aljabara na roba da nake magana a kai yana da guda 32: manyan murabba'i 4 masu wakiltar x², dogaye 8 masu wakiltar x, da ƙanana 20 masu wakiltar 1. Kowane guda fuska biyu gare shi, kuma jar fuskar ita ce ta ɗebewa. Bayan amfani da shi a ajin SS1, ra'ayina shi ne: kayan aiki ne mai kyau na darasi biyu ko uku na farko, amma ba zai kai ɗalibi ga irin tambayoyin da WAEC da NECO suke kawowa ba, sai an miƙa shi ga hanyar akwati a kan lokaci.

Dokar aikin ɗaya ce. A ɗauki gudajen da lissafin ya ambata, a shimfiɗa su su ba da fili mai kusurwa huɗu, ba giɓi, ba wanda ya hau kan wani, kamar yadda mai sa tayil yake daɓe ɗaki. Tsawo da faɗin filin su ne faktocin, wato abubuwa biyun da in an ninka su suke ba da kwadiratik ɗin (lissafin da x² ne mafi girman mataki a cikinsa). A 2x² + 7x + 3, ɗalibi yana ɗaukar manya 2, dogaye 7, ƙanana 3. Yawanci sukan fara da raba dogayen nan 4 da 3, sai kusurwar da ta rage ta ƙi karɓar ƙanana 3 cif. Sai sun jera manyan biyu gefe da gefe, sun sa dogaye 6 a ƙarƙashinsu, 1 a gefe, sannan ƙananan su cike gurbi daidai, a karanta (2x + 1)(x + 3). Darajar kayan tana nan: ɗalibi ya gani da idonsa cewa 7x ya rabu ne zuwa 6x da x, kuma 6 sau 1 daidai yake da 2 sau 3. Wannan ita ce dokar "ninka a da c" (a ita ce lambar da ke gaban x², c kuma lambar da ba ta da x) da ake sa yara su haddace ba tare da sun san daga ina ta fito ba.

Masu ƙera shi sun kyauta da ba su sa tsawon x ya zama adadin ƙanana cikakke ba, don haka ba wanda zai jera ƙanana biyar ya ce ai x biyar ne. Robar ma tana da kauri, tana jure hannun yara.

Matsala ta farko yawan gudajen ne. 6x² + 11x + 3, wadda ba ta cikin masu wuya sosai, tana neman manya 6 da dogaye 11, wato ta riga ta fi ƙarfin saiti ɗaya. Dole a haɗa biyu, kuma a ajin da ɗalibai suka haura 60, rabo da tattarawa kaɗai suna cinye kaso mai tsoka na mintuna 40. Ƙananan kuma saurin ɓacewa gare su.

Ta biyu ta fi girma, ita ce alamar ɗebewa. Ɗauki 2x² + x − 6. Manya 2, dogo 1, jajayen ƙanana 6, ba yadda za a yi su tashi fili. Sai an ƙaro dogaye biyu-biyu, ɗaya na tarawa ɗaya na ɗebewa, waɗanda suke kashe juna, har sau uku, a samu 4x da −3x, sannan (2x − 3)(x + 2) ta fito. Amma ta yaya ɗalibi zai san sau uku zai ƙaro? Sai dai ya yi ta gwaji, ko ya riga ya nemo lambobi biyu da ninkinsu −12 ne jimlarsu 1, wanda ke nufin ya gama aikin kafin ya taɓa tayil. A 6x² + 11x − 10 ana buƙatar dogaye 19 a kan tebur. A nan kayan ya koma kaya a ka.

Shi ya sa a darasi na uku ya kamata a zana akwati mai gida huɗu a allo a madadin shimfiɗar. Misali 12x² − 7x − 10. A ninka 12 da −10 a samu −120. A jero faktocin 120 biyu-biyu a tsare, daga 1 da 120 zuwa 10 da 12, a nemi waɗanda bambancinsu 7 ne: 8 da 15. Tunda tsakiya −7 ne, babbar ce za ta ɗauki alamar ɗebewa. 12x² a gidan hagu na sama, −10 a gidan dama na ƙasa, −15x da 8x a sauran biyun. Layin sama ya ba da 3x, na ƙasa 2, ginshiƙan kuma 4x da −5. Amsa (3x + 2)(4x − 5). Wanda ya shimfiɗa tayil yana gane akwatin nan take, domin hoton abin da ya yi da hannunsa ne.

Akwatin ma yana da tarkonsa. Idan ba a fara fitar da faktar da ta game duka ba, amsa takan ninku. A 4x² + 14x + 6, ɗalibin da ya zuba 12x da 2x a akwati ya ɗauki babbar fakta ta kowane layi da ginshiƙi zai samu (4x + 2)(2x + 6), wadda in an buɗe ta 8x² + 28x + 12 ce. Da ya fitar da 2 tun farko, da ya samu 2(2x + 1)(x + 3). Masu rarrabawa a layi ɗaya ba tare da akwati ba kuwa, alama ce take kayar da su: a 6x² − 9x − 4x + 6 sai su rubuta −2(2x + 3) maimakon −2(2x − 3), bakan biyu su ƙi zama iri ɗaya, su ɗauka lambobin da suka zaɓa ne ba daidai ba. Maganin duka biyun shi ne a wajabta buɗe baka a ƙarshen kowace tambaya.

Takardar bayanin da ke cikin saitin ba ta ce komai kan lissafin da ba ya rabuwa ba. 2x² + 5x + 1 ba za ta taɓa tashi fili ba, domin b² − 4ac (b ita ce lambar da ke gaban x) ya ba da 17, ba cikakken murabba'i ba. Malami ya duba wannan kafin ya ba da aiki, in ba haka ba rukuni guda zai ɓata darasi yana juya roba.

Makarantar da ke da hali, saiti biyu ga kowane rukuni na ɗalibai huɗu ya isa. Wadda ba ta da shi, kwali mai kauri yana yin aikin: babba santimita 10 da 10, dogo 10 da 3, ƙarami 3 da 3, a shafa jar maka a baya. A yanka manya 6, dogaye 20, ƙanana 20 ga kowane rukuni, a zuba a ambulan mai lambar rukunin don a ƙirga kafin a tashi.