KaryoMAX Colcemid: ya dace da ƙidayar kuromosom ɗin kifayen dangin karfasa?

Ruwan KaryoMAX Colcemid na kamfanin Gibco yana zuwa a shirye, cikin kwalba mai mililita 10, kowace mililita ɗauke da maikurogiram 10 na maganin. Aikinsa ɗaya ne: ya tsayar da ƙwayoyin halitta a matakin metafes, lokacin da kuromosom suka dunƙule har za a iya ƙirga su. Ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da haske.

Ga mai rainon ƙwayoyi a kwalba, babu abin kushewa. Maikurolita 10 a kowace mililita ta ruwan raino ta wadatar, ke nan kwalba guda za ta ishi lita ɗaya. An kuma huta da awon garin kolcisin, maganin da aka saba yin wannan aiki da shi, wanda guba ne ba na wasa ba.

Matsalar tana tasowa ne idan za a yi wa kifi mai rai allura, kuma haka aka fi yi da dangin karfasa. Abin da aka saba shi ne kolcisin mai ƙarfin kashi 0.025 cikin ɗari, mililita 1 ga kowane giram 100 na nauyin kifi, a jira minti 40 zuwa 60. Wannan maikurogiram 250 ne a mililita. In da nauyi za a auna, sai an ɗura wa kifi mai giram 100 kwalba biyu da rabi na Colcemid kafin a kai haka, cikinsa kuwa ba zai ɗauka ba. Mafita ita ce a fara cire ƙodar gaba, a murje ta a ruwan raino irin RPMI 1640, sannan a ɗiga maganin. Daga nan sai ruwan gishirin KCl, mai kumbura ƙwayoyin, mai ƙarfin mola 0.075 na minti 20 zuwa 30, a kafe ƙwayoyin da metanol kashi 3 da asid ɗin asetik kashi 1, a canja shi sau uku, a ɗiga a gilashi, a rina da Giemsa kashi 5 cikin ɗari a pH 6.8 na minti 10.

Lokaci shi ne komai a wannan dangi. Yawancin na Afirka, har da karfasar Nilu, kuromosom 44 gare su. Yawancin na Kudancin Amurka 48, wanda ake ɗauka shi ne adadin asali. Banda manyan tagwaye guda da ke fita fili a karfasar Nilu, sauran ƙanana ne masu kama da juna. In maganin ya daɗe, sai su gajarce su yi kauri kamar tsabar shinkafa, mahaɗar tsakiya ta ɓace, a kasa bambance mai hannu biyu da mai hannu ɗaya. Nan ne kuwa shaidar haɗewar kuromosom take, irin wadda ta saukar da adadin na karfasar Oreochromis karongae zuwa 38. Colcemid ya fi kolcisin sauƙin hali, shi ya sa ya cancanci kuɗinsa a aikin kwalba.

Akwai laifin da ake ɗora masa alhali ba nasa ba ne. Idan KCl ya wuce lokaci, ƙwayar ta fashe, ƙananan kuromosom su watse. Kifin diskus na Kudancin Amurka mai kuromosom 60, wasunsu 'yan mitsi-mitsi, shi ya fi shan wannan wahala. Haka kifin Astatotilapia latifasciata na Afirka, wanda wasu daga cikinsa ke ɗauke da ƙarin kuromosom ɗaya ko biyu, da ake kira B, a kan 44 ɗin da aka saba: 45 ɗin da aka gani na iya zama B na gaskiya, ko kuma ɗan maƙwabciyar ƙwaya ne ya yi tsalle. Kada a rubuta adadi sai an ƙirga metafes aƙalla 30 daga kifi guda, maza da mata daban, domin a wasu kifayen tafkin Malawi mata kaɗai ke ɗauke da B.

Idan metafes sun yi ƙaranci, a yi wa kifin allurar ruwan yis kwana ɗaya ko biyu kafin aiki; ƙara Colcemid ba ya sa ƙwayar da ba ta rabuwa ta rabu.