Avokar da ta tsaya wa kanina a Garwa

Kanina shekararsa 27 amma hankalinsa na dan shekara takwas ne, ba hauka ba ce, haka Allah ya yi shi tun haihuwa. Wasu samari suka ba shi waya ya rike musu a bakin kasuwa, ashe ta sata ce, suka tsere aka kama shi. Kafin mu isa komisariya, wato ofishin 'yan sanda, har ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Faransanci, yaron da Hausar ma sai ka bi shi sannu sannu, kuma duk abin da ka tambaye shi eh zai ce maka don kar ka yi fushi.

Wata makwabciya ce ta hada mu da wata avoka, wato lauya, Metir kowa ke ce mata. Wallahi matar nan ta san aikinta. Ranar farko ta fi awa daya zaune da shi, ba ta ko taba maganar waya ba sai hirar tantabarunsa, sai da ya saki jiki sannan ta ce kai ka dauka? ya ce eh. Ta ce ba kai ka dauka ba ko? ya ce eh. Ta dube ni ta ce Malam ka gani, abin da zan nuna wa alkali ke nan. Ita ta fahimtar da mu sashe na 78 na dokar laifuka ta Kamaru, wanda ciwon kwakwalwa ya hana shi sanin abin da yake yi laifi ne ba a dora masa, in tawayar ba ta kai can ba kuma a sassauta, amma fa sai likita ya rubuta, rantsuwar Inna da hawayenta ba sa shiga dosiye, wato fayil din shari'a.

Inda ban ji dadi ba, wayarta sai ka kira sau biyar, kuma jaka 150 ta karba, ko da yake ta yarda mun biya kadan kadan. Maganar dokar 2009 ta taimakon marasa hali a shari'a ma sai da muka biya rabi ta ambata mana, raina ya baci gaskiya. Takardar likita ta ci kusan wata biyu yaron na gidan yari yana ta ramewa.

Alhamdulillahi an sake shi. In za ku je wurinta ku tafi da tsohon karnen asibitinsa, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, da mutum biyu na unguwa da suka san shi tun yana karami, su ta fara tambaya.