Fadama, dausayi ko kwari: wanne ya kamata ka zuba kuɗinka?

Idan kana neman filin da za ka yi noman rani, abu na farko da za ka lura shi ne duk ƙasar da ta ɗan yi ƙasa-ƙasa, a bakin dillali sunanta fadama. Kwari fadama, dausayi fadama, har tsohon kududdufi ma fadama ne in dai kuɗi za su fito. Alhali ba ɗaya suke ba ko kaɗan.

Ni dai ba ɓoye-ɓoye, fadamar gaske nake so, wato shimfiɗaɗɗen filin nan na gefen kogi da ruwa ke hawa da damina ya janye da kaka. Sirrinta yana cikin janyewar. Kogi in ya cika ya tumbatsa yakan baro laka mai laushi a kan gona, taki ne kyauta duk shekara, da irin wannan lakar manoman Masar suka rayu a bakin kogin Nilu shekaru dubbai har aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 lakar ta daina isowa. Sannan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne domin injin ban ruwa da ake ajiyewa a saman ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. A fadama mai kyau da kaɗan ka haƙa ka tarar.

Amma ita ma fadamar ba ko'ina ne daidai ba. Dab da gaɓa ƙasa takan ɗan yi tudu, saboda nan kogi ke fara zubar da yashi da turɓaya masu nauyi, laka mai danƙo kuma ta wuce can baya inda ruwa ke kwanciya. Tsakanin biyun nan shi ne wurin, ƙasa mai haɗin yashi da laka, tana riƙe danshi amma ba ta shaƙe saiwa. Kuma ka duba lanƙwasar kogin sosai, ɓangaren waje na kwana shi ruwa ke ci kullum, ɓangaren ciki kuwa ƙaruwa yake yi. Ka sayi gona a ɓangaren waje na kwana, wallahi kana ji kana gani za ta riƙa faɗawa kogi.

Dausayi na makiyayi ne, ciyawa kore shar amma saiwar shuka ruɓewa take yi. Kwari yana da dama-dama in akwai ƙorama, sai dai ruwan tuddai yakan kwararo da gudu ya wanke shuka. Kwazazzabo kam ko kyauta kar ka karɓa.

To yanzu ga inda nake so a saurara. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba wai ko ruwa yana shiga ba, ai fadama ce dole ya shiga, tambayar ita ce ta ina yake fita kuma yaushe. An taɓa sayar min da wani fili da sunan fadama ashe rami ne da aka cike da shara da ɓaraguzai aka lulluɓe da baƙar ƙasa, damina na zuwa ya zama tafki, babu mafita ko ta ina, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Masu wannan ha'incin da rani suke kai mutum, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau. Kar ka yarda. Ka je da tsakiyar damina, in ba zai yiwu ba ka dubi jikin itatuwa, ruwa yakan bar zane da busasshiyar ciyawa maƙale a rassa daidai inda ya kai. Ka ɗauki shebur ka haƙa kamar mita ɗaya a wuri biyu ko uku da kai ka zaɓa, ba inda suka nuna maka ba. In ka ga leda ko fasassun bulo, ciko ne. In ƙasar can ciki toka-toka ce tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa na kwana a wurin kusan duk shekara. In saman ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, gishiri ne ko kanwa, gyaransa wahala ce da kuɗi.

Akwai kuma wayon lissafin ambaliya. Za a ce maka ai wurin nan sai shekara 100 ambaliya ke zuwa, kuma bara ta zo, saboda haka ka huta. Ƙarya ne. Ma'anar lissafin ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, ko da bara ta zo, in ka tara shekara 30 yiwuwar ta zo aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26. Don noma wannan ba komai ba ne, amma duk wanda ya ce ka gina gida a wurin ba ƙaunarka yake yi ba.

Sannan ka tambaya ko akwai madatsa a kan kogin ta inda ruwa ke gangarowa, domin ranar da aka buɗe ƙofofinta ruwa zai iso maka ko sama ba hadari. Wannan tambayar kar ka yi wa mai sayarwa, maƙwabcin gona za ka samu shi kaɗai, musamman dattijon da ya daɗe yana noma a wurin, ka ce ya nuna maka da sanda iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.