Ɗigon 3 MOA ko na 6 MOA: wanne za a ɗora wa fistol?

Masu wasan harbi a Amurka, musamman sababbin shiga gasar USPSA (ƙungiyar wasan harbi ta ƙasar), ba sa gajiya da wannan tambaya idan za su sayi madubin saiti mai jan ɗigo.

MOA ma'aunin kusurwa ne da ake auna girman ɗigon da shi: MOA ɗaya yana rufe kusan inci 1 a nisan yadi 100. Ke nan a yadi 25, ɗigon 3 MOA na rufe kashi uku cikin huɗu na inci, na 6 kuma inci ɗaya da rabi.

Wajen sauri, babban ya fi. Ido na saurin kama shi da an ɗaga bindiga, haka ma bayan ta girgiza. Ƙaramin kuwa yana fito da rawar hannu fili, har sabon maharbi ya tsaya jiran ɗigo ya natsu, alhali ba zai natsu ba. Wasu kan ƙure masa haske don su gan shi, sai ya baje ya koma kamar babban.

Daga yadi 50 zuwa sama ƙaramin ke gaba, don ba ya rufe abin da ake auna. Mai matsalar ido ta astigmatizim, wanda ɗigo ke tarwatse masa kamar tauraro, ya kan fi jin daɗin babba a rage masa haske.

Kuɗi dai babu wani bambanci sosai: madubin Trijicon RMR, misali, na zuwa da ɗigon 3.25 MOA da na 6.5 a kusan farashi ɗaya.

A ganina, 6 ya dace da mai harbin kusa da wanda idonsa ya fara rauni. Mai auna ƙananan abubuwa daga nesa ya ɗauki 3.