Gargaɗi ga 'yan jinya da ɗalibai a Alƙahira: naira miliyan 2.8 na tura, ko fam ɗaya ban gani ba

Assalamu alaikum. Kwana tara ina ta juya wannan magana a raina, in rubuta ko in bar wa cikina, saboda kunya. Yau dai na ce gara a yi min dariya da a sake cin wani. Naira miliyan biyu da dubu ɗari takwas. ₦2,800,000. Ni da hannuna na danna, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Kafin wani ya fara cewa ai kwaɗayi ne, ku tsaya ku ji. Shekarata ashirin da 'yan kai a Kantin Kwari. Canji ba baƙona ba ne, Wapa kamar gidanmu take. Na san jabun dala tun daga taɓawa, na san alat ɗin ƙarya. Ba yaro ba ne ni, kuma ba jiya na fara fita waje ba.

Mahaifiyata na kawo Masar aikin ƙashin baya. Lissafin sati shida muka yi, ga mu a wata na huɗu. Dalar da na riƙo ta ƙare tun a wata na biyu, tsakanin asibiti, hayar gida a Madinat Nasr, magani, da kuɗin sabunta takardar zama a Abbasiyya, wanda shi ma sai ka nuna rasit ɗin banki na cewa dala ka canza. Katin naira kuwa kun san halinsa. Tun 2022 bankunan gida suka toshe shi a waje, ko da wasu suka buɗe a 2025 akwai iyaka, ba abin da za ka biya tiyata da shi ba ne. Shi ya sa kowa a nan yake yin abu ɗaya: ka tura naira asusun wani a gida, shi kuma ya miƙa maka fam, kuɗin Masar, a hannu. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar ana yi.

A wani guruf na WhatsApp na 'yan gida na samu wanda ya cuce ni. A'a, ƙarya nake, shi ne ya fara nemana. Na tambaya a guruf ɗin wa yake da fam, bayan kamar minti goma ya biyo ni ta bayan fage, wai shi ɗalibi ne, yana ɗan taɓa canji yana rufa wa kansa asiri. Na gwada shi da naira dubu hamsin. Ya kawo. Na gwada shi da dubu ɗari biyu, ya kawo har ƙofar gida, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Sau huɗu muna yi, ko fam ɗaya bai taɓa yin ciwon kai ba. To ku gaya min, wa zai yi zargi?

Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da ya zo asibiti. Ya zo da lemo da ayaba a leda, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, ya ce, "Hajiya ya jikin? Allah ya sa kaffara ne." Ya zauna ya yi mata addu'a mai tsawo da Larabci, har likita ya shigo ya yi mana tafinta. Da zai tafi Hajiya ta riƙe hannunsa ta ce, "Allah ya yi maka albarka ɗan nan." A bakin lifta ya ce min, "Alhaji, ai ni ƙaninka ne, duk abin da ya taso ko tsakar dare ne ka kira ni." Wannan maganar nake ta ji a kunnena. Ni ƙaninka ne. Da wannan bakin da ya yi wa uwata addu'a. Har tuwo ya ci a gidanmu, kwano ɗaya da ni.

Ranar Laraba aka ce a ajiye fam dubu 100 kafin aiki na biyu. Mutane suna sayar da fam a kan naira 31, shi ya ce zai ba ni a 28 saboda Hajiya, wai yana da uzurin naira a gida cikin gaggawa. Eh, na ga rangwamen dubu ɗari uku. Amma wallahi ba shi ya ja ni ba, ko a 31 ya ce shi zan ba, don shi na sani. Ya kira ni ta bidiyo ya nuna min kuɗin a kan katifa, ɗauri biyar na 'yan ɗari bibbiyu. Na gani da idona. Ya ce, "Alhaji ka tura, ga ni nan fitowa daga Hayyul Ashir, kafin la'asar ina wajenka."

Na manta ban faɗa ba: lambar asusun da ya turo ba wadda muka saba ba ce. Na tambaya, ban yi shiru ba, na tambaya. Ya ce nasa ya cika iyakar rana, wannan na yayansa ne. Kuma a sau huɗun baya sai ya ajiye fam a gabana na ƙirga sannan nake turawa. Ran nan kaɗai na fara turawa. Ran nan kaɗai. Miliyan biyu da dubu ɗari takwas, a tura biyu, miliyan biyu sannan dubu ɗari takwas.

La'asar ta yi, ya ce cunkoso. Magariba ta yi, ya ce 'yan sanda sun tare hanya, ba zai iya wucewa da kuɗi a jiki ba. Bayan isha'i waya a kashe. Hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Kai, tun kafin magariba ma ashe ya fice daga guruf ɗin, daga baya na lura.

Da ƙanina a Kano ya bi sawun asusun, sai ga shi na wani ɗan canji ne na gaske. Mutumin ya ce shi dala ya sayar: wani ya yi ciniki da shi, ya ce za a turo kuɗi, alat ya shigo, ya miƙa dala ga wanda aka aiko. Wato da kuɗina aka saye dalarsa. Shi yana da hujjarsa, ni ina da rasit ɗina, ɓarawon yana tsakiya babu sunansa a ko'ina. Banki suka ce sai da takardar 'yan sanda da umarnin kotu kafin su taɓa asusun, ana kan haka. A nan kuwa da na ce zan kai ƙara, wani dattijo da ya daɗe a ƙasar ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, canji a wajen banki laifi ne a dokar Masar, har ɗauri ake yi, kar ka kai kanka." Na je inda ɓarawon ya ce yana karatu, babu mai wannan sunan. Mutum uku sun riga sun same ni, su ma haka ya yi musu, ɗaya mace ce mai jinyar mijinta.

Duk hirarmu tana nan, da muryoyin da ya turo, da rasit biyu, da hotonsa da na ɗauka a asibiti ba da niyya ba. Zan ɗora su da zarar lauya ya ba ni dama.

Kar ku tura naira sai fam yana hannunku kun ƙirga. In asusu ya canza, ku fasa. Ku riƙo dala isasshiya ku canza a banki.

Aikin an ɗaga shi zuwa mako mai zuwa, na sa a sayar min da kaya a shago a kan asara. Hajiya ba ta sani ba, na ce mata likita ne ya yi tafiya. Jiya da daddare ma sai da ta tambaye ni wai ina yaron kirkin nan, kwana biyu bai leƙo ba, ko lafiya.