Filash ɗin saka Windows ya ƙi tashi: wanne zaka saya, wace manhaja zaka ɗauka

Satin da ya wuce wani ƙanena ya kawo min laftof ɗinsa, HP EliteBook irin ƴan Beljiyam ɗin nan, wai tun safe yake fama zai saka mata sabon Windows amma in ya danna F9, maɓallin zaɓen inda kwamfuta zata tashi, filash ɗin baya fitowa ko kaɗan, in ma ya fito sai allo yayi baƙi ta koma tsohon Windows ɗinta. Har ya fara cewa kwamfutar ce ta lalace. Na karɓi filash ɗin na juya shi a hannuna, an rubuta 64GB a jiki, roba ce sakayau kamar ba komai a ciki, ya ce a gefen titi ya saya da araha. Na saka shi a H2testw, manhaja ce kyauta da take cika filash da bayanai sannan ta sake karantawa, ko 8GB bai kai ba ta fara nuna kuskure. Jabu ne. Irin waɗannan an yi musu dabara ne su riƙa faɗawa kwamfuta girman da basu da shi, zaka ga fayil ya shiga lafiya lau amma rabinsa ya tafi iska.

Don haka maganar farko filash ɗin kansa. Microsoft sun ce mafi ƙaranci 8GB, kuma gaskiya 8GB yana ɗaukar Windows 11 ɗaya tunda fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da Windows ɗin gaba ɗaya yake ciki, ya haura 5GB, amma ni bana baiwa kowa shawarar sa yanzu, bambancin kuɗinsa da 16GB ba wani abu bane. In Windows ɗaya kawai zaka saka ka ajiye, 16GB ya isheka. In kuwa gyara kake ko kana yiwa ƴan uwa da abokai, ɗauki 32GB. SanDisk da Kingston dai sune aka fi samu kuma sune aka fi kwaikwayo, toh ka saya a shagon da zaka iya komawa in ya bada matsala, ka gwada shi ranar da ka saya. Gara min 16GB na gaske guda biyu da 128GB mai arhar banza.

Sai batun USB 2.0 da 3.0. Na 3.0 yawanci cikin bakinsa shuɗi ne kuma yafi sauri sosai, wajen rubuta ISO zaka ga bambanci ƙarara. Shi zan zaɓa. Abu ɗaya dai, in tsohuwar kwamfuta ce musamman in Windows 7 ake son sakawa, ka soka shi a baƙin ramin USB ba shuɗi ba, saboda Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba, a tsakiyar aiki zai tsaya yana neman direba.

Manhajar haɗa filash ɗin kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Media Creation Tool na Microsoft shi yafi sauƙi, ka danna ka jira, shi zai sauke ya rubuta, matsalar sa kawai yana son intanet mai ƙarfi, in netwok ya yanke ko aka ɗauke wuta a tsakiya sai ka sake daga farko kuma datarka ta tafi. Shi yasa nafi son in sauke ISO ɗin sau ɗaya in ajiye.

Rufus shi nake amfani dashi kullum in Windows ne. Ɗan ƙarami ne, a kan Windows kawai yake aiki, amma yana baka zaɓin da ke warware mafi yawan ƙin tashin nan, wato tsarin da za a raba filash ɗin dashi, GPT ko MBR. Kwamfutar da take kan sabon tsarin tashi na UEFI tana son GPT, tsohuwa mai tsohon tsarin Legacy tana son MBR, in ka haɗa su a karkace wallahi ko filash ɗin na zinare ne zai iya ƙin fitowa. Sannan tsarin fomat na FAT32 baya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, shi kuwa babban fayil ɗin install.wim na cikin Windows na yanzu yakan wuce haka, shi yasa masu kwafa da hannu suke sarewa, Rufus ya san yadda yake bi da wannan ta NTFS, wani tsarin fomat ɗin mai ɗaukar babban fayil. Kuma tunda Microsoft sun daina tallafawa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane da yawa suna son Windows 11 a kwamfutar da bata da TPM 2.0, sashen tsaron da Windows 11 yake sharɗantawa, Rufus yana da wajen cire wannan sharaɗin, sai dai ka sani Microsoft basu lamunce maka sabuntawa a irin wannan ba.

Ventoy kuma na masu gyara ne. Sau ɗaya zaka saka shi a filash, daga nan kwafar ISO kawai kake kana zubawa, Windows 10, Windows 11, Ubuntu, Linux Mint duk a waje ɗaya ka zaɓa lokacin tashi. Anan 32GB ɗin yake amfani. Amma in Secure Boot, tsaron da yake hana kwamfuta tashi da abin da bata amince dashi ba, a kunne yake wani lokaci zaka ga shuɗin allo yana neman ka amince da makulli, wasu kwamfutocin kuma sai ka shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, ka kashe shi tukunna. balenaEtcher yana da kyau in Linux zaka rubuta ko kana kan Mac, kar ka bashi ISO na Windows.

Kafin ka ce filash ko manhaja ne suka gaza ka tabbatar maɓallin da kake dannawa daidai ne, HP F9 ko Esc, Dell F12, Lenovo da Acer ma yawanci F12, Asus Esc, kuma tun kana kunnawa zaka fara dannawa ba sai tambari ya wuce ba. Ka canja rami ma, a desktof ka gwada na baya.

Shi ƙanen nawa 16GB na gaske muka sayo, Rufus, GPT, ta tashi a gwajin farko, kafin la'asar ya tafi da kwamfutarsa.